Batiri na biyu a motar kwana daji: wanne zai jure zafin Maraɗi?

Cikin watan Mayu ne, a wata ruga arewa da Dakwaro, kan hanyar Barmo. Na idar da sallar asuba na buɗe bayan mota don in ɗauko maganin rigakafi, sai na ji firiji shiru. Na zura hannu ciki, ba sanyi. Ma'aunin da nake ajiyewa tsakanin kwalabe ya nuna digiri 19, alhali maganin nan wurin zamansa tsakanin 2 da 8 ne. Makiyaya kuwa tun da sauran duhu suka fara koro awaki da tumaki, har ƙura ta tashi. Na je gaban ardo na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri a mayar da bisashe, yau babu allura." Bai ɗaga mini murya ba. Ya ce Allah ya kyauta, ya sa aka kawo mini nono. Amma har na iso Maraɗi abin na cina a rai, don batirin da ya yi mini haka watansa bakwai kacal a motar.

A Turai da Amurka akwai motocin da tun daga kamfani ake ƙera su da gado da wurin girki. Namu nan Land Cruiser ce ko Hilux ko HiAce da aka cire wa kujerun baya, aka shimfiɗa katifa, aka ɗaure firiji da fanka da ƴan ƙwayayen wuta. Masu allurar dabbobi irina, ma'aikatan lafiya, masu haƙar rijiyoyin burtsatse, fatake masu bin kasuwannin Tasawa da Mayahi, duk a irin wannan mota muke kwana. Kuma duk mai hankali a cikinmu yana da batiri biyu: na gaba mai tayar da inji, da na biyu mai riƙe kayan zama idan an kashe mota. A kan na biyun nan nake magana, musamman ga wanda nasa ya mutu yake shirin sauyawa.

Aikin batiran biyu ba ɗaya ba ne. Na tayar da inji farantan dalmar da ke cikinsa sirara ne masu yawa, an yi su don su ba da wuta mai ƙarfi ta daƙiƙa uku ko huɗu, sannan dinamo ya mayar masa nan take. Na zama kuwa farantansa masu kauri ne, yana ba da wuta kaɗan-kaɗan dare guda, a zuƙe shi sosai a sake cika shi. Idan ka ɗauki na tayar da inji ka ɗora masa firiji, zai yi maka aiki mako ɗaya, wata ɗaya, har ka ce ka ci riba, daga nan farantan su fara zubewa. Masu shago da yawa ba sa bambancewa, ko kuma ba sa son bambancewa. Idan abin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikinsa ƙarfin tayar da inji ne, wato lambar da ke biye da CCA, ajiye shi ka nemi wani.

Da na dawo, kai tsaye kasuwa na nufa, amma Allah ya sa na fara biyawa wurin dattijon da ke yi mana gyaran wutar mota. Ya ɗora ma'auninsa a kan batirin, ya sa yaronsa ya tayar da inji, ya jima yana kallon allura. Sai ya ce, "Likita, batirin nan ba mutuwa ya yi ba, kashe shi aka yi. In ka sa sabo yau, kafin kaka ka dawo mini da gawarsa." Wutar da ke isowa daga dinamo zuwa bayan mota ba ta ma kai volt 13 ba, saboda wayar da aka ja siririya ce kuma doguwa, ta shanye wutar a hanya. Batirin dalma yana buƙatar sama da 14 kafin ya cika. Ke nan wata bakwai ɗin nan bai taɓa ƙoshi ba ko sau ɗaya. Batirin dalma idan ya daɗe a rabin ciki, wani farin gishiri yakan daskare a kan farantansa, ya toshe su, kuma idan ya yi tauri ba ya komawa. Ga shi kuma na ajiye shi a saman tayar baya, daidai wurin da zafin salansa ke bugowa. Don haka kafin ka ciro kuɗi, sa a auna maka wutar da ke isa kan batirin kansa, inji na aiki, sannan a auna ta farantin sola da tsakar rana.

Sai lissafin abin da kake ci a wuni. Wannan shi mutane suka fi ƙi, alhali shi ne ginshiƙi. Ga nawa, don ya zama misali. Firijin mota mai kwamfaresa, matsakaici, yana jan amfiya 4 zuwa 5 idan yana aiki, kuma a bazara kusan rabin lokaci yana aiki, don haka na ba shi 50 Ah a kwana ɗaya (Ah shi ne amfiya sau awa, ma'aunin yawan wutar da aka ci ko wadda batiri ke riƙewa). Fanka mai jan amfiya ɗaya da rabi, awa takwas na dare, 12 ke nan. Ƙwayayen wuta uku kamar 5. Cajin wayoyi da kwamfuta, har da na mutanen ruga da ba a hana su, 13. Jimla 80 Ah. A hunturu firijin ba ya cin rabin haka, fanka ma ba a kunna ta, amma ba don Janairu ake sayen batiri a ƙasar nan ba. Don Afrilu da Mayu ake saye, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa.

To a nan ne lambar da ke jikin kwali take yaudara. Batirin dalma mai 100 Ah, idan kana son ya yi ƙarko, rabinsa kawai za ka ci, wato 50. Kana iya zuƙe shi fiye da haka, amma duk zuƙa tana rage masa kwana. Na lityum mai 100 Ah kuwa za ka ci 80 har 90 ba tare da ka cuce shi ba. Ke nan 80 Ah ɗin nan nawa, ko dai in ɗauki na dalma biyu masu 100, ko na lityum guda ɗaya. Duk wanda ya kwatanta farashin ɗaya da ɗaya ya yi kuskuren lissafi tun daga tushe.

Batirin dalma iri-iri ne, kuma na ruwa shi ne kakansu. Wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro batirin dalma da asid tun 1859, kuma har yau dabarar ba ta sauya sosai ba. Shi ya fi araha, ko'ina ana samunsa, kowane mai gyara daga nan har Damagaram ya san halinsa. Yana da wani alheri da ba a cika faɗa ba: idan zafi ko yawan caji ya ƙone masa ruwa, kana iya buɗe murfi ka ƙara, ya farfaɗo. Amma tataccen ruwa ake ƙarawa, ba na rijiya ba, ba na famfo ba, ba kuma asid ba. Matsalarsa a mota ita ce hanya. Burji mai gargada da tudun rairayi suna girgiza shi har asid ya yi tsartuwa, ya cinye ƙarfen mota da katifa da duk abin da ya taɓa. Sannan idan yana caji yana fitar da iska mai kama wuta, wadda bai kamata a tara ta a wurin da mutum yake kwana da tagogi a rufe ba. Dogayen nan masu nauyin gaske da ake kawowa daga Indiya, masu 200 Ah ko fiye, nagari ne ƙwarai a ɗaki ko shago inda za su zauna wuri ɗaya. A bayan mota ban ba kowa shawara ba. Idan dole sai na ruwa, a yi masa akwati a waje ko wanda ke da bututun shan iska, a ɗaure shi tamau.

Busasshe, wanda aka rubuta wa AGM, shi ma dalma da asid ne, sai dai asid ɗin an tsotse shi cikin wani abu kamar audugar gilashi, don haka ba ya zuba ko da an karkata shi. Yana jure girgiza, yana karɓar caji da sauri fiye da na ruwa, ba a ƙara masa komai. Mafi yawan motocinmu shi ke ciki, kuma nawa da ya mutu irinsa ne. Rauninsa zafi. Masu ƙera batiran dalma a digiri 25 suke auna shekarunsu, kuma ƙa'idar da suke bayarwa ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana raba rayuwar batiri biyu. Yi lissafi da kanka: motar da aka rufe a rana a Maraɗi cikinta yana iya wuce digiri 60. Kuma da yake AGM a rufe yake, ruwan da zafi ya ƙone ya tafi ke nan. Haka nan batirin dalma idan ya yi zafi wutar cajinsa ya kamata ta ɗan ragu, shi ya sa na'urar daidaita caji mai wayar jin zafi, wadda ake mannawa a jikin batiri, ta cancanci ɗan ƙarin kuɗinta.

Na jel asid ɗinsa an daskarar da shi kamar kamu. Ya ɗan fi AGM haƙuri da zafi da zuƙa mai zurfi, amma ba ya son a matsa masa. Wajen volt 14.1 zuwa 14.4 yake so, idan aka wuce sai kumfa ta huda daskararren ta bar ramuka da ba sa cikewa. Ya dace da wanda sola ce ke yi masa caji a hankali. Sai dai a kula, kalmar jel ta zama abin talla, ana manna ta a kan batiran da cikinsu AGM ne.

Yanzu lityum, wanda a kansa ne gardama take a kowane garejin garin nan. Abu na farko, lityum iri-iri ne. Wanda ake sa wa a mota shi ne aka rubuta wa LiFePO4, mai sinadarin ƙarfe da fosfet, wanda ayarin John Goodenough a Jami'ar Texas ya bayyana a 1997. Mutumin nan ya karɓi kyautar Nobel a 2019 yana da shekara 97. Wannan irin ya fi na waya da na kwamfuta wuyar kama wuta nesa ba kusa ba. Ɗakuna huɗu ne a ciki, kowane volt 3.2, shi ya sa za ka ga an rubuta 12.8. Idan ka ga 11.1 ko 14.8, wani iri ne daban, sau da yawa tsofaffin ƙwayoyin batirin kwamfuta ne aka harhaɗa aka rufe da leda. Wallahi kada ka kwana da wannan a mota.

Amfaninsa a bayyane yake. Mai 100 Ah nauyinsa kilo 11 zuwa 13, na dalma mai lamba ɗaya kuwa wajen kilo 30, kuma biyu kake buƙata. Wanda ya taɓa kafewa a rairayin arewacin Dakwaro, ya sauke kaya yana tona ƙarƙashin taya da tsakar rana, ya san darajar kilo 50 da aka rage. Na dalma idan an kula da shi yana ba da cika da zuƙa ɗari uku zuwa ɗari shida, nagarin lityum kuwa ana ƙidaya nasa da dubbai, daga 2,000 zuwa sama. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne bai damu da zama a rabin ciki ba. Cutar nan da ta kashe nawa ba ta kama shi. Batirin dalma kashi 80 na farko yana shiga da sauri, ragowar 20 kuwa sai an yi awoyi ana lallashi, kuma tafiyar awa biyu daga wannan ruga zuwa waccan ba ta isa. Lityum duk abin da ka ba shi yana karɓa ya ajiye.

Wannan haɗama tasa kuma ita ce haɗarinsa. Idan ka cire na dalma ka sa lityum a kan tsohon haɗi, zai ja wuta daga dinamo iya ƙarfinsa ba sassauci, musamman inji na aiki a tsaye, iska ba ta shiga. Dinamon ya yi zafi ya ƙone, ka rasa har wutar tayar da mota a tsakiyar daji. Maganinsa wata ƴar na'ura ce da ake sa wa tsakanin batirin gaba da na baya, an rubuta mata DC-DC, wadda ke ƙayyade abin da zai wuce, amfiya 20 ko 30 ko 40, ta kuma ɗaga wutar zuwa yadda batirin yake so. Sababbin motoci masu dinamon da ke rage wuta da kansa ma dole sai da ita, ko da batirin dalma ne. Haka na'urar sola, sai mai saitin lityum, wajen volt 14.2 zuwa 14.6, kuma a kashe mata tsarin nan na tafasa batiri lokaci-lokaci da ake yi wa na ruwa. Duk waɗannan kuɗi ne, a sa su cikin lissafi tun farko.

Akwai kuma allon tsaro a cikinsa, BMS, mai yanke wuta idan caji ya yi yawa, ko ya ƙare, ko zafi ya wuce kima. Ingancin batirin lityum rabinsa a wannan allo yake. Tambayi amfiya nawa yake ɗauka. Mai 100 zai riƙe inbata mai wat 1,000 da ƙyar, don irin wannan inbata tana jan wajen amfiya 90 idan an cika mata kaya. Kuma shi ba ya gargaɗi irin na dalma, wanda za ka ga ƙwai ya dushe ka san dare ya yi masa. Lityum wutarsa tana tsaye wajen volt 13 har ya kusa ƙarewa, sai kawai ya yanke ɗif. Don haka ma'aunin volt ba ya gaya maka gaskiyar abin da ya rage, sai ma'auni mai ƙidaya abin da ya shiga da abin da ya fita, ko irin batirin da ke nuna maka a waya. Turawa babban tsoronsu shi ne ba a cajinsa idan sanyi ya kai sifili, har suna sayen mai na'urar ɗumama kai. Kada ka biya kuɗin wannan a Maraɗi. Namu tsoron na sama ne: yawancin masu ƙera shi suna iyakance caji a digiri 45 zuwa 55. Ba a sa shi a gidan inji. A nema masa ƙasan kujera ko gado, nesa da salansa, inda iska ke zagayawa. Idan motar za ta yi wata biyu a ajiye, a bar shi a rabin ciki a cire masa kai, saɓanin na dalma da ake ajiyewa a cike.

A kasuwa kuwa, tafi da ma'aunin volt da sikeli, ba abin kunya ba ne. Dalma ba ta ɓoye nauyinta. Batirin da aka ce 100 Ah ne amma bai kai kilo 25 ba, lambar ƙarya ce. Duba ƙaramin rubutun da ke kusa da lambar: C20 yana nufin an auna shi a zuƙar awa 20, C100 kuwa awa 100, kuma batiri ɗaya lambarsa takan fi girma a C100. Kwatanta iri da iri. Duba ranar ƙira, don batirin dalma da ya yi wata shida ko fiye a shago mai rufin kwano ya fara tsufa tun ba a taɓa shi ba. Sabo a huce ya nuna 12.6 ko sama. Idan ya nuna 12.2, ko mai shago ya ce "Alhaji, caji kawai yake so," ka yi masa godiya ka wuce. Na hannu da ake cewa an ciro daga eriyar salula, araha ba ta ado: ba ka san shekarunsa ba, ba ka san ta yadda ya fito ba, kuma na lityum ɗinsu yawanci volt 48 ne, ba su shafi motarka ba. Idan biyu za ka haɗa, su zama iri ɗaya, girma ɗaya, an saye su rana ɗaya. Tsoho da sabo idan aka haɗa, tsohon ne ke jan sabon zuwa kabari.

Batun inda za a saya ma abin dubawa ne. Da yawanmu Katsina ko Kano muke aikawa, kuma sau tari an fi samun zaɓi a can. Amma garanti takarda ce da sai ka koma inda aka ba ka ita, kuma tun 2023 kowa ya ga yadda iyaka ke iya rufuwa. Ni na fi son in ƙara ƴan jikkuna in saya wurin wanda zan iya sallama a ƙofar shagonsa gobe, ya rubuta mini lambar batirin da ranar saye a rasit.

To wa ya dace da wanne? Wanda fitarsa sau uku ko huɗu ce a shekara, kayansa fanka da wuta da cajin waya, AGM mai 100 Ah ya ishe shi, muddin zai riƙa cika shi a gida kowane wata. Sayen lityum a wurinsa ajiye kuɗi ne a rana. Wanda motarsa tsohuwa ce, aljihunsa ba nauyi, kuma yana da haƙurin buɗe murfi duk mako biyu, na ruwa mai kaurin faranti a akwatin waje zai kai shi. Amma duk wanda yake da firiji da ba a son ya tsaya, yake kwana daji dare goma ko fiye a wata, ni a ganina lityum ne, tare da na'urarsa. Kuɗin farko ya fi yawa, ko da an kwatanta da na dalma biyu, amma su za ka sauya su sau biyu ko uku shi yana nan. Ko wanne ka zaɓa, a sa waya mai kauri, a sa fiyus bai fi taƙi ɗaya daga kan batiri ba. Gobarar mota daga waya marar fiyus take tashi fiye da daga batirin kansa.

Tsohon kuma kada a bar shi a tsakar gida, kada a fasa shi, kada a zubar da ruwansa inda yara da kaji ke wasa. A Thiaroye, gefen Dakar, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka rasu saboda ƙurar dalmar tsofaffin batira da ake fasawa a unguwarsu. Mayar da shi ga mai shago a rufe yadda yake, zai ma rage maka wani abu a kuɗin sabo.

Ni dai na sa lityum mai 100 Ah a ƙarƙashin gado, da DC-DC mai amfiya 30, da farantin sola mai wat 200 a rufi. Farantin nan a rana mai kyau yana mayar mini da kusan 55 zuwa 60 Ah, ragowar tuƙin awa ɗaya ya cike. A hunturu ƙura takan rufe shi har abin da yake bayarwa ya ragu sosai, don haka akwai tsumma da gorar ruwa da na keɓe masa a bayan kujera. Bazarar da ta biyo baya na koma rugar nan. Da asuba na buɗe firiji, ma'auni na kan 5, muka yi wa bisashe allura har hantsi.